Amsa ga uwar da ake ce wa ɗanta mace

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi tambayarki ta sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Kin ce ɗanki mai shekara 13 a unguwar Aboabo ta Kumasi abokansa na kiransa mace, don muryarsa ba ta buɗe ba, ba shi da budurwa, kuma yana taya ki sayar da waakye, wato dafaffiyar shinkafa da wake. Yanzu ya ƙi aikin, sai zaman bes, wato majalisar samari, har dare.

Ta wajen jiki, kwantar da hankalinki. Balagar namiji takan fara tsakanin shekara 9 da 14, murya kuma sai daga baya take buɗewa. In nononsa ya ɗan kumbura kada a matse, yakan sace da kansa. Sai in ya cika 14 babu alama ko ɗaya ku je asibiti.

Abin da ke cin yaron shi ne yana neman namijin da zai dafa kafaɗarsa ya ce ya isa. A bes kuwa ba kyauta ake faɗa wa yaro haka ba. Manyan nan, Allah Ya isa tsakaninmu da su! Ƙato mai gemu, ya zauna kan benci ya miƙe ƙafa, ɗan wani na fifita masa gawayin dafa shayin ataya. Yau aiken sukari, gobe taba, jibi a ɓare masa tramol, wato ƙwayar tramadol, a ce sha in kai namiji ne. Mai miligiram 50 da mai 100 hukuma ta yarda da su, su ma da takardar likita, amma mai 225 suke miƙa wa yara, har yaro ya faɗi yana farfaɗiya. Nasu ƙannen fa ba sa bari su zauna wurin. Sai kuma gorin mata, wai har yanzu bai taɓa ba. Yaro ya ƙirƙiro ƙarya, daga baya ya nemi cika ta. Wa ya gaya musu kwanciya da yarinyar da ba ta kai 16 ba, ko da yardarta, dokar Ghana ta yanka wa wanda ya yi ta ɗaurin shekara 7 zuwa 25?

Kada ki je bes ki jawo shi gaban abokansa, sunan da suka sa masa zai bi shi. In ya yi kuka ki ƙyale shi, wannan barima nsu, wato namiji ba ya kuka, da Asantawa ke faɗa mu ma ta yi mana illa.

Babansa ko kawunsa ya zaunar da shi su biyu, a yi maganar mafarki da wankan janaba da mata, ba zagi. In akwai amintaccen maigida a Suame Magazine, unguwar kanikawa, a kai shi duk Asabar ya riƙe sifana.

Waakyen ma kada ki cire shi. Ki ɗauke shi daga tebur inda abokansa ke wucewa, ki ba shi sayen shinkafa da wake a kasuwar Asawase, da lissafin ciniki da dare.