Tambayi Likita: Yaron da Ba Ya Magana

Wani uba daga Ƙaura Namoda: Likita, ɗana mai shekara 4 yana in'ina. Tsawa za ta gyara shi?

A'a, ƙara ta za ta yi. Ku bar shi ya ƙarasa maganarsa. In ta wuce wata 6, a kai shi asibiti.

Wata uwa daga Gummi: Tun da 'yata ta tashi daga sanƙarau ba ta waiwayowa in an kira ta.

Sanƙarau yana taɓa ji. A gwada kunnenta cikin makon nan, kada a jira.

Wata malamar firamare daga Anka: Akwai yaro ɗan shekara 7 a ajina, yana fahimta amma ba ya magana. Kakarsa ta ce wanzami zai yanke masa linzamin harshe. Na zana masa hotuna yana nunawa, mahaifinsa ya ce zan sangarta shi.

Malama, don girman Allah ki hana wannan yanka. Abin yana ci mini rai. Aska ba ta buɗe baki, sai dai ta jawo zubar jini, tetanus ko ciwon hanta. Magana daga kunne da ƙwaƙwalwa take tasowa. Doguwar naƙuda, shawarar jarirai, galahanga ko kurunta duk suna iya riƙe ta. Ku kuma a Anka kun san gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400 a jihar nan ta Zamfara. Daga dakan dutsen zinare gubar ta fito, don haka in ana dakansa a gidansu, lallai a auna jininsa.

Hotunan kuwa, ki ci gaba. Ki faɗa wa mahaifinsa cikin ladabi cewa bincike ya nuna ba sa hana magana, wasu yaran ma da su suke fara furta kalma. Ki samu kwali, ki zana buta, kofin ruwa, kwanon abinci, da fuskar mai jin ciwo. In ya taɓa kofi, ki ce "ruwa" da ƙarfi, ki ba shi nan take. Ke ma ki riƙa nuna hoton in kina magana. Ki ba shi lokaci, kada 'yan aji su amsa masa, kuma kada a ƙwace kwalin don horo, bakinsa ne. A yi wani a gida, wani a Islamiyya.

Amma kwali bai maye gurbin likita ba. A kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, likitan yara ya duba shi, a gwada kunnensa. In yana faɗuwa ko jijjiga, a tafi yau.