Tambaya da Amsa: Mota ba ta shiga garinmu sai ranar kasuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke nesa da bakin kwalta a Jihar Katsina. Mota ba ta shiga garinmu sai ranar kasuwa, ita ma a-kori-kura ce da ake loda mu tare da buhuna da awaki. Sauran ranaku sai dai acaɓa, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Da daminar bara a kan babur aka kai matar maƙwabcina asibiti tana naƙuda. Mun sha kai kuka ga 'yan siyasa lokacin kamfe, har yau shiru. Shin akwai abin da mu fasinjoji za mu iya yi da kanmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya abin da aka samu, ya ƙara wa maijego lafiya. Akwai abin yi, amma kafin ku ɗora wa direbobi laifi, yana da kyau ku dubi lissafin da suke yi. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki, kuma tsadar kayan gyara ta biyo baya. Direban da zai bar layinsa a tasha, ya bi hanyar burji mai cin taya da karya sifirin, ya tarar da fasinja uku a gindin bishiya, ya san da asara zai koma. Lodi yake bi, shi ya sa kuke ganinsa ranar kasuwa. Aikinku shi ne ku tabbatar masa da cewa lodin yana nan a wasu ranakun ma, watsewa kawai yake yi a kan babura.

Saboda haka ku fara da ƙirga. Ku kafa ƙaramin kwamiti da sanin dagaci, ku sa mata a ciki, domin su ne masu zuwa awo da kai yara rigakafi, kuma sau da yawa ba a tambayarsu. A ajiye littafi a wurin mai shayin bakin gari har tsawon wata guda, a riƙa rubuta duk wanda ya fita, inda ya nufa, da abin da ya biya. Idan kuka haɗa da ƙauyuka biyu ko uku da ke kan hanya ɗaya da ku, za ku yi mamakin yawan mutanen.

Da wannan littafin za ku je ofishin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashar da ta fi kusa, domin ita ke tsara layi da wanda zai yi lodi. Kada ku nemi mota kullum tun da farko. Ku nemi kwana biyu a mako, da lokacin tashi tsayayye bayan sallar asuba, ku kuma ɗauki alƙawarin cewa idan kujeru ba su cika ba, asusun kwamiti zai biya kuɗin kujera biyu ko uku. A ganina wannan alƙawarin ya fi kowace doguwar wasiƙa tasiri, domin shi ke raba direba da fargabar komawa fayau. Ku tayar da batun naƙuda a zaman, tun da an taɓa gudanar da wani shiri a Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe inda aka horar da direbobin ƙungiyar su riƙa garzayawa da mata masu naƙuda asibiti, kuma ba mamaki ku tarar da wanda ya yi aikin a tashar.

Batun hanya kuwa na hukuma ne. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora kula da tashoshin mota da ƙananan hanyoyi a wuyan ƙaramar hukuma, don haka ku rubuta takarda ɗaya da sa hannun dagaci da hakimi, ku bi ta wurin kansila, ku karɓi kwafi mai hatimi. Ku ambaci abu takamaimai, kamar kwalbati a mashigin da ruwa ke yankewa, maimakon neman kwalta gaba ɗaya. Irin wannan takardar za ku iya kai wa hukumar sufuri ta jiha, wato KTSTA, ku roƙi a gwada muku bas ɗaya. Kafin amsa ta zo, aikin gayya na yini guda da tsakuwa da marmara zai iya gyara wurin da motoci suka fi kafewa.

Lodin ganganci laifi ne da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ke hukuntawa, kuma lambarta ta gaggawa ita ce 122. Sai dai ban ba ku shawarar ku fara da kai ƙarar direba ɗaya tilo da ke shigo muku ba, domin zai ɗauke ƙafa ne kawai. Ku sanya adadin fasinja da kuɗin kujera da na buhu a cikin yarjejeniyar tun ranar farko, shugaban tasha ya sa hannu, a kafe kwafi a jikin rumfar da ake jiran mota.