Tambayi Likita: Cututtukan da Suka Fi Cika Mana Gadaje

Tambaya (wani malamin firamare daga Ringim): Likita, wace cuta ce ta fi kwantar da mutane a asibiti?

Amsa: Malam, ya danganta da lokaci. Daga tsakiyar damina zuwa kaka, zazzaɓin cizon sauro ne ke cika ɗakin yara, har ka ga biyu a gado ɗaya. Gudawa, ciwon huhu da tamowa suna biye. Da zafi kuma sai ƙyanda da sanƙarau. A ɓangaren manya, hawan jini da ciwon suga ba su da rani ba su da damina.

Tambaya (wani matashi daga Gezawa): Zan yi aure, an ce mu yi gwajin sikila. Dole ne?

Amsa: Ku yi. Kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya yana ɗauke da AS, wato irin jinin da 'ya'ya kan gaji sikila ta hanyarsa, bai sani ba. Ku je kafin a kai kuɗin gaisuwa.

Tambaya (wata uwa daga Gwaram): Ɗana ɗan shekara 2 ya yi zazzaɓi kwana uku, sai ya fara taune-taune. Kakarsa ta ce iska ce, ta yi masa hayaƙi, an sa wanzami ya zo. Yanzu ya lafa amma ba ya cin abinci. In jira?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki jira ko sallar la'asar. A kai shi asibiti yau.

Wannan tambayar ce ta fi tayar mini da hankali, domin irin ɗanki muke karɓa kullum da damina. Mafi yawan taune-taunen yara a ƙauyukanmu zafin jiki ne ke jawo shi, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau. Babu wanda hayaƙi ke warkarwa a cikinsu. Yaron da numfashi ke yi wa wuya, a rufe shi da zane a turara masa hayaƙi? Haba jama'a! Tsagar wanzami kuwa jini take zubarwa, alhali zazzaɓin ya riga ya cinye jinin.

Na taɓa karɓar wata yarinya da asuba, an ɗauko ta a babur bayan kwana huɗu ana maganin gida. Na buɗe tafin hannunta, fari fat kamar takarda. Haƙoranta biyu sun karye saboda cokalin da aka tura mata a baki. Sai da aka yi mata ƙarin jini da allurar artesunate, maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kafin Allah ya tashi kafaɗunta. Da ranar farko aka kawo ta, gwajin ɗan yatsa da ƙwayoyin kwana uku sun wadatar.

Idan ɗanki ya sake taune-taunen: ki kwantar da shi a gefensa, ki cire masa kaya masu nauyi, kada a sa komai a bakinsa, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, zai iya shaƙewa. Addu'a a yi ta, amma a kan hanyar asibiti. Na san maigida ne ke ba da izini, kuma kuɗin mota ba ya samuwa kafin a girbe gero. Ki karanta masa wannan amsar. Kaka ma ƙaunar jikanta ce ta sa, a lallashe ta, a tafi da ita ta gani da idonta. Idan ya warke, a riƙa karɓar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 duk wata da damina, a kuma kwana cikin gidan sauro. Amma yau dai, asibiti.

Tambaya (wani manomi daga Auyo): Yarona yana fitsarin jini, an ce alamar balaga ce.

Amsa: A'a, Malam, tsargiya ce, daga wanka a ruwan fadama ake ɗaukarta. A kai shi asibiti a gwada fitsarin, a ba shi maganinta, praziquantel, daidai nauyinsa. A duba 'yan'uwansa ma.