Tambaya da Amsa: Me Ya Hana Su Sayi Gas a Wani Wuri?

TAMBAYA: Ina yawan jin cewa Rasha ta rufe wa wata ƙasa a gabashin Turai bututun gas, mutane suna ta fama da sanyi. To ai kasuwa ba ɗaya ba ce. Me ya hana su je Katar ko Amurka su saya? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Malam, gas ba kamar fetur ba ne da za a ɗura a tanka a kai inda aka ga dama. Bututu yake bi, bututun ƙasashen nan kuwa tun zamanin Tarayyar Sobiyet aka shimfiɗa su, duk daga gabas suka taho. Injinan tura gas ɗin ma fuska ɗaya aka kafa su. Shi ya sa a Janairun 2009, da rigimar kuɗi ta tsayar da gas ta hanyar Yukiren na kusan mako biyu, Bulgeriya da Sulobakiya suka shiga uku. Akwai gas a rumbunan yammacin Turai, amma turo shi gabas ya yi wuya ƙwarai.

Sayowa daga nesa aiki ne ja. Sai an sanyaya gas har ma'aunin sanyi 162 ƙasa da sifiri ya koma ruwa, girmansa ya ragu wajen sau 600, jirgin ruwa na musamman ya ɗauko shi, a tashar sauka kuma a ɗumama shi ya koma iska kafin a zuba a bututu. Lituwaniya ta bi wannan hanya. A ƙarshen 2014 ta girke jirgi mai ɗaukar kubik mita 170,000 na ruwan gas a tashar Kilaifeda, shi ne rumbu, shi ne injin ɗumamawa. Tun jirgin bai iso ba kamfanin gas na Rasha, Gazprom, ya rage mata farashi da kusan kashi 20 cikin ɗari. A ganinmu amfanin tashar ke nan na farko: mai sayarwa ya san kana da wata ƙofa.

Inda ake tuntuɓe shi ne a gyara gas a manta da lantarki. Moldoba ta haɗa bututu da Romaniya, ya kai babban birninta Kishinau a 2020, amma har ƙarshen 2024 yawancin wutarta daga tashar Kuchurgan take samu, wadda ke yankin 'yan aware na Tiransnistiriya, da gas ɗin Rasha kuma take aiki. A lokacin, hatta babban layin wuta daga Romaniya sai ya ratsa ta can. Da gas ya tsaya ranar 1 ga Janairun 2025, yankin ya rasa ɗumama gidaje da ruwan zafi, Moldoba kuma ta koma sayen wuta da tsada. Mutanen Nijar sun san irin wannan, tun da Najeriya ta yanke musu wuta a Agustan 2023.

Raba layin wuta ma ba cire waya ba ne kawai. Dole bugun wutar ya tsaya a 50 a kowace daƙiƙa, a Istoniya da Latbiya da Lituwaniya kuwa a da daga Mosko ake daidaita shi. Sai da ƙasashen uku suka kafa manyan injinan daidaita bugu, suka ƙarfafa layinsu da Folan, sannan suka balle daga na Rasha a Fabrairun 2025.