Rile marar ƙara: inda yake da amfani da inda zai ja maka asara

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da injin ƙyanƙyasar ƙwai mai hita wat 2,000. Rilen da ke ciki, wato makunnin da ke kunna hita da kashe ta, dare da rana yana ƙas-ƙas, kuma bana sau biyu yana ƙonewa. Mai gyara ya ce in koma SSR, wato rile marar ƙara. In saya? Daga mai kiwon kaji a Bukuru.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Ka saya, mai gyaranka ya faɗa maka gaskiya, amma da sharaɗi.

Wannan ƙas-ƙas da kake ji ƙarfe ne ke haɗuwa da ƙarfe, kuma duk rabuwa sai ɗan tartsatsi ya ci bakinsu. Kafin ƙwai ya ƙyanƙyashe sai ya yi kwana 21 a zafin da bai kauce wa digiri 37.5 ba, don haka na'urar auna zafi ba ta hutawa. A ce duk daƙiƙa 10 take kunna hita: sau 8,640 ke nan a yini, sama da 180,000 kafin 'yan tsaki su fito. Ƙananan rile da yawa kuwa kunnawa 100,000 masu ƙera su suka yi musu alkawari idan suna ɗauke da cikakken lodi. Ka ga ba laifinsa ba ne, aikin ne ya fi ƙarfinsa.

Shi SSR babu abin da ke motsi a cikinsa. Ɗan fitila ne ke haska wani ido, idon ya buɗe wa wuta hanya ta cikin tirayak, wani ɗan makunnin lantarki da ba ya motsi. Ba ƙara, ba tartsatsi, ba bakin da zai cinye. Ka duba rubutun jikinsa: a irin waɗanda suka fi yawa a kasuwa, DA na nufin wutar batir mai bolt 3 zuwa 32 ce ke ba shi umarni, shi kuma ya sarrafa wutar NEPA. Sai ka tabbatar na'urarka ta auna zafi tana da mafitar SSR, in ba haka ba kuɗinka ya tafi a banza.

To ga sharaɗin. Abin nan zafi ne ajalinsa. Duk amfiya ɗaya da ta ratsa shi tana barin zafin wat ɗaya ko fiye a jikinsa. Hitarka a bolt 230 tana jan kusan amfiya 9, wato kusan wat 10 na zafi a cikin abin da bai fi akwatin ashana biyu ba. Na taɓa buɗe akwatin wuta a wata gona, na tarar an ɗaure SSR da ƙusa a jikin falanki. Robarsa ta kumbura kamar burodi, wari ya cika ɗakin, mai gonar yana tsaye ya rasa ta cewa. Dole ka ɗora shi a kan ƙarfen alminiyom mai haƙarƙari, ka shafa farin man nan mai isar da zafi a tsakaninsu, haƙarƙarin a tsaye don iska ta bi. Kada sanyin Jos ya ruɗe ka. Cikin rufaffen akwati ba ruwansa da sanyin waje, kuma ƙurar hunturu tana toshe haƙarƙarin, sai ana sharewa.

Ka sayi mai amfiya 25, kada ka tsaya daidai wa daida. Jabu sun yi yawa, a rubuta 40 a waje, a sa ƙaramin tirayak a ciki, har da sunan babban kamfani a goshi. In ka ga araha ta wuce hankali, ka bar wa mai shago kayansa.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne wannan: SSR idan zai mutu, galibi a kunne yake mutuwa. Na'ura za ta ce kashe, hita ta ci gaba da ci, ka wayi gari da dafaffen ƙwai. Saboda haka ka sa wata na'urar auna zafi ta biyu, mai zaman kanta, da za ta yanke wuta ta kwantakta, wato babban rile mai ɗaukar lodi mai nauyi, kuma ta buga ƙararrawa da zarar zafi ya haura misalin digiri 39. Ka ƙara da fiyus mai saurin tsinkewa, da barista, wato abin da ke shanye wutar da ta yi tsalle, don tsawar damina da haukan wuta idan an dawo da ita.

Tambaya: Injiniya, in sa shi a famfon bohol ɗina? Daga wata Hajiya a Anguwan Rogo.

Amsa: A'a Hajiya, ki ci gaba da amfani da kwantaktarki. Motar famfo idan za ta tashi tana fizgar wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ci tana tafiya, famfo kuma sau nawa ake kunna shi a yini? Kwantakta da abin kariyar lodi sun ishe ki, kuma kowane mai gyara ya san su.

Tambaya: Oga, na kashe SSR amma ƙwan fitila yana ɗan haske, testa ma tana kamawa. Ya lalace ne? Daga wani ɗan koyo a Dilimi.

Amsa: Ba lalle ba ne, ƙanena. Ko a kashe yake, 'yar wuta kaɗan tana zurarewa ta cikinsa, kuma ta isa ta haska ƙwan LED. In kuwa hasken cikakke ne, to ya mutu a kunne, canza shi. Don Allah kada ka kai hannu kan waya don kawai SSR yana kashe. Sauke bireka tukuna, ka gwada da mita, sannan ka ɗauki sukundireba.