Tsargiya da tsutsar ciki: wane magani ya cancanci kuɗinka?

Tambaya daga wani manomi a Argungu: Ɗana mai shekara 11 yana taya ni aiki a fadamar shinkafa, yanzu jini na biyo ƙarshen fitsarinsa. Mai tallar magani a kasuwa ya ce garkuwar jikinsa ce ta yi rauni, in sayi ruwan ƙara garkuwa. Maƙwabcina ya ce in karɓi maganin tsutsa a kemis. Wanne zan saya?

Malam, Allah ya ba yaro lafiya. Kada ka sayi ko ɗaya tukuna. Abin da ka siffanta ya yi kama da tsargiya, kuma kuɗinka na farko gwajin fitsari ya kamata ya ci. A ɗibi fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin ne ƙwan tsutsar ya fi fita.

Maganar mai talla ce ta fi damuna, domin ta juya gaskiya. Tsutsar tsargiya daga jikin katantanwar ruwa take fitowa, ta huda fatar mai wanka ko mai dashen shinkafa, ta girma ta zauna cikin jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara. Can take lulluɓe kanta da sinadaran jikin mutum, har sojojin jiki su kasa gane baƙuwa ce, ta yi shekaru tana zuba ƙwai. Wasu ƙwayayen su keta bangon mafitsara su bi fitsari, shi ne jinin da kake gani. Wasu kuwa su maƙale. Waɗanda suka maƙale su garkuwar jiki ke yi wa taron dangi: fararen ƙwayoyin jini, musamman waɗanda likitoci ke kira eosinofil, su kewaye kowane ƙwai su yi masa katanga. Wurin ya kumbura, ya warke da tabo, wani ƙwan ya maƙale, a sake. Tabon nan idan ya taru shi ke toshe hanyar fitsari, ya taɓa ƙoda, har yakan zama sanadin sankarar mafitsara a girma.

Ka ga ke nan garkuwar yaronka ba barci take ba. Faɗa take yi ba dare ba rana, kuma yawancin ɓarnar daga faɗan take. Abin da zai kawo sauƙi shi ne a kashe mai zuba ƙwan.

Maganinta praziquantel. A nan shawarar maƙwabcinka ta gaza: idan ka ce wa mai kemis "maganin tsutsa", albendazole ko mebendazole zai miƙo maka, kuma waɗannan ba sa kashe tsargiya. Praziquantel da nauyi ake ba da shi, miligiram 40 ga kowane kilo, don haka a bar ma'aikacin lafiya ya auna yaron, a kuma sha bayan an ci abinci. Ka fara tambaya a asibitin unguwa ko makarantarsu, domin akan raba shi kyauta ga yara 'yan makaranta. Kuma don Allah a daina ɗaukar jinin nan alamar balaga. Cuta ce.

Tambaya daga wata uwa a Yauri: An ba yarana maganin tsutsa a makaranta, bayan wata shida na sake ganin macijin ciki a kashin ƙaramar. Jabu aka ba su? In sayi mai tsada?

Hajiya, ba lallai jabu ba ne, kuma tsada ba za ta canja komai ba. Tsutsotsin da ke cikin ciki a ranar da aka sha shi kaɗai maganin yake kashewa, ba ya tare masu zuwa. Jiki kuwa ba ya riƙe tsutsa a rai kamar yadda yake riƙe ƙyanda, wadda sau ɗaya take kama mutum. Hanji yana ƙoƙarinsa, yana ƙara majina da murɗawa don ya tunkuɗo ta waje, amma ita ma tana fitar da sinadaran da ke sanyaya garkuwa. Kariyar da jiki ke samu sai a hankali cikin shekaru, kuma ba ta cika, shi ya sa yara suka fi manya ɗaukar tsutsa.

Albendazole na miligiram 400 mai lambar NAFDAC, wanda kwanansa bai ƙare ba, ya wadatar ga wanda ya kai shekara 2. Daga shekara 1 zuwa 2 rabi ake bayarwa, mai ciki kuma ba ta sha a watanni 3 na farko. Rarar kuɗin ki sa a sabulu da takalma. Ƙwan macijin ciki ta hannu da abinci yake shiga baki, akwai kuma wata tsutsar mai shan jini da ke shiga ta tafin ƙafa a ƙasa mai laima inda aka yi bayan gida. Idan kin ga idon yarinyar ya yi fari ko tana saurin gajiya, a auna jininta, ƙila tana buƙatar maganin ƙarin jini tare da na tsutsar.