Manhajar Outlook tana buɗe kanta duk lokacin da na kunna kwamfuta, yaya zan hana ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da kwamfutar tafi-da-gidanka mai Windows 11, kuma duk safiya idan na kunna ta, kafin in taɓa komai sai manhajar Outlook ta buɗe da kanta ta kama sauke saƙonni. Da datar wayata nake haɗa kwamfutar da intanet, ga shi kuma sai ta ɗauki mintuna kafin ta saki jiki in fara aiki. Na bi saitin Outlook kaf ban ga inda ake kashe wannan ba. Ba goge ta nake son yi ba, domin da ita nake aiki, kuma ina tsoron kada saƙonnina su ɓace.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba ka ga wurin kashewar a cikin saitin Outlook ba ne domin galibi ba a nan yake ba. Tsohuwar Outlook, wadda ke zuwa tare da Word da Excel, ba ta da wani maɓalli a cikinta da ke cewa ta tashi tare da kwamfuta. Windows ce ke buɗe ta, kuma tana yin haka ne saboda ɗaya daga cikin dalilai biyu da suka bambanta ƙwarai: ko dai an rubuta sunan manhajar a jerin abubuwan da za su tashi duk lokacin da ka shiga, ko kuwa Windows tana dawo maka ne da abin da ka bari a buɗe jiya. Maganin na farko ba ya aiki a kan na biyu, shi ya sa za ka ga mutum ya kashe komai a jerin farawa amma gobe manhajar ta sake bayyana.

Saboda haka, kafin ka canza wani saiti, yi wannan ɗan gwajin. Rufe Outlook gaba ɗaya, sannan ka duba ƙananan alamomin da ke kusa da agogo a kusurwar ƙasa ta dama, domin wasu manhajojin imel suna laɓewa a can bayan an rufe tagarsu. Idan tana nan, danna alamarta da ɓangaren dama na linzami ka fita. Bayan haka sai ka sake kunna kwamfutar. Idan ba ta buɗe ba a wannan karon, to dalili na biyu ne. Idan ta buɗe duk da cewa ka rufe ta da hannunka, to na farko ne.

A ganina dalili na biyu ne ya fi yi wa mutane dabaibayi, domin babu wanda ya nemi a kunna masa shi da saninsa. Tun daga sabuntawar da aka yi wa Windows 10 a ƙarshen 2017 tsarin ya fara dawo da wasu manhajoji da aka bari a buɗe lokacin kashewa, daga baya kuma aka ware masa maɓallinsa na kansa. A Windows 11 za ka shiga "Settings", ka zaɓi "Accounts", sannan "Sign-in options", ka gangara ƙasa har ka ga layin da ya fara da "Automatically save my restartable apps", ka kashe shi. A nan akwai wani abu da ya kamata ka lura da shi. Masu kwamfutar tafi-da-gidanka da yawa ba kashe ta suke yi ba, rufe murfin kawai suke yi su jefa ta a jaka, kuma rufe murfi sau da yawa barci yake sa ta. Kwamfutar da ta yi barci kuwa za ta farka ne da duk abin da ta kwanta da shi, babu saitin da zai hana hakan sai dai ka rufe Outlook kafin ka rufe murfin. Na taɓa shafe kusan awa guda a wani ofis ina neman abin da ke buɗe wa wata ma'aikaciya imel, sai da na ce ta nuna mini yadda take kashe kwamfutar na ga ta sa hannu ta dafe murfin.

Idan kuwa gwajin ya nuna dalili na farko ne, fara da wuri mafi sauƙi. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, "Task Manager" zai buɗe, ka nemi sashen "Startup apps" a gefen hagu. Za ka ga jerin manhajoji, kowace da matsayinta da kuma ƙiyasin nauyin da take ɗora wa kwamfutar lokacin tashi. Idan Outlook tana ciki, zaɓe ta ka danna "Disable". Jerin nan ɗaya ne da wanda ke cikin "Settings", ƙarƙashin "Apps" sannan "Startup", don haka ba sai ka bi duka biyun ba. Sabuwar Outlook, wadda Microsoft ta maye gurbin manhajar Mail da ita bayan ta daina tallafa wa Mail a ƙarshen Disamba 2024, ita ma a wannan jeri ake nemanta. Wanda har yanzu yake kan Windows 7 ba zai ga wannan sashe ba, domin sai a Windows 8 ta 2012 aka kawo shi. Shi zai rubuta msconfig ne a akwatin bincike ya shiga shafin farawa.

Kashewa a "Task Manager" ya isa ga mafi yawan mutane, amma ni na fi son a cire abin daga tushensa. Danna maɓallin Windows tare da harafin R, ƙaramin akwati zai fito, ka rubuta shell:startup ka danna Enter. Folda ce za ta buɗe, kuma duk gajeriyar hanyar da ke cikinta Windows tana buɗe manhajarta lokacin da ka shiga. A nan ne tsohuwar Outlook ta fi zama, domin masu gyaran kwamfuta da masu kula da na'urorin ofis sukan jefa ta ciki don mai ita ya tarar da imel ɗinsa a buɗe. Idan ka gan ta, za ka lura da 'yar kibiya lanƙwasasshiya a ƙasan alamar, shaidar cewa manuniya ce kawai zuwa ga manhajar. Goge ta ba tare da fargaba ba, Outlook da saƙonninka suna nan inda suke. Sannan ka maimaita da shell:common startup, wadda ita ce foldar da ta shafi duk masu amfani da kwamfutar, sai dai gogewa a cikinta tana buƙatar izinin mai gudanarwa.

Idan duk wannan bai yi ba, saura wurare biyu. Na ɗaya shi ne "Task Scheduler", inda ake tsara aiki ya tashi a wani lokaci ko kuma lokacin shiga. Duba jerin ayyukan ko akwai wanda ke kiran outlook.exe, idan akwai ka dakatar da shi maimakon ka goge shi, don ka iya mayar da shi in ka yi kuskure. Na biyu shi ne rajistar Windows, wato ma'ajiyar da Windows ke adana saitunanta na ciki, a mabuɗin da ake kira Run. Ba na ba wanda bai saba ba shawarar ya shiga rajista da hannunsa, domin goge layi ɗaya da bai kamata ba yana iya jawo matsalar da ta fi wadda ake gyarawa. Ya fi aminci ka sauke Autoruns, ƙaramar manhaja ta kyauta daga cikin kayan Sysinternals da Microsoft ta saya a 2006. Tana nuna duk wuraren farawa a allo ɗaya, ka rubuta Outlook a akwatin tacewa, ka cire alamar da ke gefen abin da ya fito. Kada ka taɓa sauran layukan, ko da sunayensu sun yi maka baƙunci, domin da yawansu na sauti ne da allo da riga-kafin ƙwayoyin cutar kwamfuta.

Ga mai Mac kuwa, ya danna alamar manhajar a "Dock" da ɓangaren dama, ya shiga "Options" ya cire alamar "Open at Login", kuma lokacin kashewa ya cire alamar da ke akwatin sake buɗe tagogi.

Game da tsoron da kake yi, saƙonninka ba za su ɓace ba. Duk wanda ya aiko maka imel, saƙon yana sauka ne a sabar, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke riƙe da akwatinka, ya zauna can har sai ka buɗe Outlook ta ɗauko shi. Abin da za ka rasa shi ne sanarwar shigowar sabon saƙo da tunatarwar kalanda, waɗanda tsohuwar Outlook ba ta nuna su sai tana buɗe. Akwai kuma wani abu da ya fi waɗannan muhimmanci ga mai aiki: idan ka rubuta saƙo ba ka da intanet, ko ka jinkirta aika shi zuwa wata sa'a a akwatin da ba na Exchange ba (tsarin imel na Microsoft da ofisoshi ke amfani da shi), yana zama ne a "Outbox" a cikin kwamfutarka, kuma ba zai fita ba sai manhajar tana buɗe. Don haka idan ka saba rubuta wasiƙu da dare da nufin su tafi da safe, sai ka riƙa tunawa ka buɗe ta da kanka.

Batun data kuma yana da nasa maganin daban. Lokacin da kwamfutar ke haɗe da wayarka, shiga "Settings", sannan "Network & internet", ka buɗe bayanan haɗin wayar, ka kunna "Metered connection". Wannan yana sanar da Windows cewa datar ƙididdigaggiya ce, sai ta rage sauke sabuntawa a bayan fage, ita kuma tsohuwar Outlook za ta nuna gargaɗi ta jira izininka kafin ta haɗu. Sau da yawa abin da ke cinye datar safiya sabuntawar Windows ce da OneDrive, wato manhajar Microsoft mai ajiye fayiloli a intanet, imel rabonsa kaɗan ne sai dai in ana aiko maka da manyan fayiloli.

Idan kwamfutar ta wurin aiki ce, kuma ka tarar maɓallan sun dushe ba sa dannuwa, ko ka goge gajeriyar hanyar gobe ta dawo, to masu kula da na'urorin ofishin ne suka kafa dokar daga sabarsu, kuma tana sabunta kanta duk lokacin da kwamfutar ta haɗu da hanyar sadarwar ofis. A wannan hali su za ka je ka roƙa su cire kwamfutarka daga cikin dokar.